Ranar da Matata Ta Zama Manjo

Jama'ar Ƙaura, ku bari in ba da amsa sau ɗaya kowa ya huta. Yau mako shida ke nan duk inda na zauna, teburin mai shayi ko ƙofar masallaci, sai wani ya tambaye ni dalilin da ya sa aka gan ni wata Talata da hantsi ina tura babur da mace a kai, wata macen na biye da ni tana ƙirga mini taku. Ba hukuncin alƙali ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Mai ne ya ƙare.

Tun da aka sallame sallar asuba na shiga layin mai. Na yi awa uku ina matsawa kaɗan-kaɗan, sai da ya rage mutum biyu a gabana mai zuba man ya rataye bututu ya ce inji ya yi zafi. Injin nan, Allah ya ba shi lafiya, ba ya yin zafi sai ya hango fuskar talaka. In mota mai baƙin gilashi ta shigo ta baya, nan take yake samun sauƙi. Haka na juya da ɗan abin da ya saura a tanki, na je gidan yayata na ɗauki baƙuwarta, ko kwanar farko ba mu sha ba babur ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Yayata Hindu, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce mai ƙirga mini takun. Shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin soja, ta yi ritaya da igiya uku, wato sajan. Tun da ta dawo gida ba ta ƙara kirana Mudi ba, Kurtu take ce mini. Ina da furfura a gemu da 'ya'ya biyar, amma in ta yi gyaran murya a tsakar gida sai in ji ƙafafuna sun haɗe da kansu.

"Kurtu, ɗaga ƙahwa!" in ji ta. "Wagga tahiya taka ko akuya mai ciki ta hi ta sauri. Hagu, dama! Hagu, dama!"

Wadda ke kan babur ɗin Kofur Zuhura ce, ta Galadi. Aikin jinya ta yi a soja, har ranar da motarsu ta kife a bakin aiki ƙugunta ya goce. Tun daga nan da sanda take tafiya, sandar ma ba ta kai ta nesa. Sai ta ukunsu, Murja, ta Gurbin Bore, wadda ke tafe a gefen Yaya tana riƙe da bakin mayafinta. Murja aikin sadarwa ta yi. Ta je wani wuri inda aka yi ɓarin wuta, ta dawo da gaɓoɓinta lafiya ƙalau, amma shekara biyu ke nan ko zauren gidansu ba ta leƙa ba. In murfin tukunya ya faɗi sai jikinta ya wuni yana rawa. Wata uku Yaya ta yi tana lallashinta ta waya kafin ta yarda ta shigo mota.

Abin da ya fito da su takarda ce mai ruwan zinariya daga wani sabon abu da ake kira Kwamitin Walwala da Nishaɗin Tsofaffin Sojoji Mata. Takardar ta ce za a yi babban taro a Ƙaura domin matan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da suka yi aikin soja. Za a kawo likitan ƙashi, da likitan da ke sauraron damuwar mutum, za a yi motsa jiki, a raba kayan tallafi. Saboda likitan ƙashin Zuhura ta hau babur daga Galadi zuwa Shinkafi, ta shiga mota zuwa Ƙaura, a kan hanyar nan da kowa ya san ba a bin ta sai da addu'a a baki. Saboda ɗaya likitan kuma Yaya ta yi wa Murja alkawarin cewa in ta fito wannan karon ba za ta yi nadama ba.

Muka isa ƙofar ɗakin taro gumi na ɗiga daga gemuna. Wa zan gani a bakin ƙofa da takarda a hannu? Sodangi. Wanda bai san Sodangi ba bai taɓa zuwa taro a Ƙaura ba. Sana'arsa tara mutane. In manoma kake so, in zawarawa, in masu ciwon ido, ka faɗa masa yau, gobe ya cika maka ɗaki har da na tsaye. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma bara na yi masa makiyayi a wani taro, bana kuma mai kiwon kifi, alhali ko kwaɗo ban taɓa kiwo ba.

"Hajiya, sunanki?" in ji Sodangi.

"Sajan Hindu Mamuda, mai ritaya."

Ya bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa. "Babu shi. Kuma sajan ya cika, muna da tara."

"Kofur Zuhura hwa?"

"Kofur ma babu wuri."

Yaya ta matsa gaban ɗan teburin da ke gefensa. Ta kwance wani ƙyalle daga jakarta, ta shimfiɗa masa katin aikinta da lambobin yabo huɗu a kan teburi. Sodangi ya duba kati, ya dubi fuskarta, ya sake duba kati, sannan ya ja ni gefe.

"Mudi, tsakaninka da Allah, waɗanga na gaske na?"

"Na gaske na."

"Innalillahi! To wa yag gayyato su?"

A nan na fahimci lissafin. Kwamiti ya rubuta wa na sama cewa yana da tsofaffin sojoji mata hamsin a yankinmu. Da aka bincika sai aka samu uku. Maimakon a kula da ukun, aka kira Sodangi ya cike giɓi. Shi kuma mutum ne mai son aikinsa ya fita tsaf, sai ya kawo hamsin cif, aka ɗinka musu koren hijabi hamsin, kowanne an rubuta masa "Jarumarmu" a baya. Da ƙyar aka bari na gasken suka shiga. Aka kai su bencin ƙarshe kusa da inda ake jingine tsintsiya, wai tunda ba su da koren hijabi za su ɓata hoto.

Na zaunar da Zuhura ke nan na ɗaga kai, sai na hango wata ƙeya a layin farko. Shekara goma sha takwas ina ganin ƙeyar nan, ko a cikin hijabi goma zan gane ta. Matata ce, Naja'atu, wadda ta ce mini da safe za ta Banga barkar haihuwa. A gabanta an jingine ɗan kwali: Manjo Naja'atu. Matar da in ta ga tsaka a bango sai ta haye gado tana kiran sunan uwarta.

Na lallaɓa na tsuguna a gefenta. "Ranki shi daɗe, Manjo. Yaya mai jego?"

Ta zabura har kwalin ya faɗi. "Malam, don girman Allah ruhwa min asiri. Atamhwa anka ce za a ba mu. Wallahi ban san Yaya za ta zo ba."

"A wace bataliya kinka yi?"

"Malam, ka bari mana!"

Na bari, na koma baya. Yaya ta riga ta gan ta, amma ko gira ba ta ɗaga ba.

Ƙarfe goma aka sa taron. Babban baƙo, wanda zan kira Mai Girma Alhaji Yana-Kan-Hanya domin da wannan suna muka fi saninsa, bai iso ba sai bayan azahar. Duk rabin awa mai gabatarwa zai kama lasifika ya ce mu ƙara haƙuri, yana kan hanya. Ban san wace hanya ce ba, amma in ta kai tsawon haka ya kamata a sa mata kwalta. A cikin jiran ne Zuhura ta aike ni in tambayi sakataren kwamiti inda likitan ƙashi zai zauna. Sakatare ya nuna mini wani ƙaton ƙyalle a bango mai hoton likita yana murmushi, ya ce likitoci duka biyun suna cikin zango na biyu na shirin. Na ce yaushe ne zango na biyu? Ya ce bayan zango na ɗaya. Na kai wa Zuhura amsar yadda aka ba ni. Ta dubi hoton ta ce, "To, Allah shi ba shi lada, yana da hwara'a."

Mai Girma ya iso da motoci goma sha ɗaya, kowacce cike take da mai, na duba da idona. Ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce shi ba ya iya barci saboda tunanin jarumanmu mata, kuma duk wanda ya ga kumatunsa ya san rashin barcin ya karɓe shi. Ya nuna matata da yatsa ya ce, "Ku dubi wannan Manjo. Ana ganin fuskarta an san ta ga yaƙi." Ta gani kam, ni shaida ne, amma da ni aka yi shi, ranar da na manta cefanen sallah.

Daga nan aka shiga motsa jiki. An ɗauko wata Hajiya ƙwararriya takanas daga babban birni, ta tsaya a gaba ta koya wa mata numfashi. Ku shaƙa, ku riƙe, ku saki. A nan dole in yaba wa kwamiti, domin tun da nake zuwa taro ban taɓa ganin an raba abu ya ishi kowa har da na bencin baya ba sai wannan iskar.

Da a nan aka tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Amma wani mai hikima a kwamitin ya shirya cewa Mai Girma zai buɗe shirin ta hanyar fasa tarin balan-balan da aka ɗaure kusa da lasifika. Aka miƙa masa allura a kan faranti. Ya soka. Ƙarar ta shiga lasifika ta fito kamar an buɗe wuta a cikin ɗakin, tau-tau-tau, ba tsayawa.

Kafin in juya Murja ta faɗa ƙarƙashin benci, hannuwanta a kan ƙeya, tana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta ƙasa!" Wasu suka fara dariya, da suka ga yadda jikinta ke kaɗawa dariyar ta mutu a bakinsu. Yaya, da gwiwoyinta masu ciwo, ta durƙusa ta cusa kai ƙarƙashin bencin. Ban taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba.

"Murja. Ƙaura muke. Yau Talata. Ni ta, Hindu. Balan-balan na, irin na yara. Ga hannuna, riƙe."

Zuhura ta zamo daga benci ta kama ɗaya hannun tana murza mata tafi. Ni dai na tsaya kamar turke, ban san abin da zan yi da nawa hannuwan ba. Sai ga muryar mai gabatarwa ta lasifika: "Don Allah a fitar da matar can ta baya, ana ɗaukar hoto."

Yaya ta miƙe. Ta kwance ƙyallen nan, ta maƙala lambobinta huɗu a ƙirjin mayafinta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta bi tsakiyar ɗaki har gaban babban teburi. Ba ta nemi lasifika ba. Ta juyo ta fuskanci mata hamsin, ta buɗe baki.

"Atanshan!"

Jama'a, kwanon rufin ɗakin sai da ya amsa. Zuhura ta dafa sanda ta ƙame. Murja, wadda ke ƙarƙashin benci, ta fito ta tsaya ƙyam, hawaye na zuba amma ƙafafunta a haɗe, hannuwa a cinya. Masu gadin Mai Girma su biyu ma sun ƙame kafin su tuna ba da su ake ba. Amma jarumai hamsin? Wasu suka miƙe, wasu suka duƙa, wata ta fara neman takalminta, wata tsohuwa a layi na biyu ta shafa fuska ta ce, "Amin."

"Abautan!"

Umarnin a juya baya ke nan. Zuhura ta juya da taimakon sanda, Murja ta juya tsaf. Hamsin kuwa kowacce ta juya inda ranta ya ba ta, goshi ya haɗu da goshi, kujeru suka zube, sajan tara suka hau kan kaftin uku. Manjo Naja'atu ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Na tuba, Yaya!" Na waiwaya neman Sodangi, sai takardarsa na gani a ƙasa, iska na kaɗa ta.

Yaya ta juya ga babban teburi, ta sara wa Mai Girma yadda ake yi a bariki.

"Ranka shi daɗe, mu ukku muke, ba hamsin ba. In aiki kaka so, ukku ba su yi maka kaɗan ba. Wagga tana son likitan ƙashi ko sau guda a wata. Waccan tana son wanda za shi zauna shi saurare ta, ba wanda za shi hwasa mata balan-balan a kunne ba. Ni kuma ɗaki nika so mai makulli da tabarma, inda za mu riƙa haɗuwa. Waɗanga mata ko ba su da laihi. Atamhwa sunka zo nema, a ba su abinsu."

Na ɗauka yau dai zan ga babban mutum ya ji kunya da idona, har na gyara tsayuwa don kada a tare mini. Ina! Mai Girma ya miƙe yana tafi, ya ce wannan ɗan wasan kwaikwayo da kwamiti ya shirya ya burge shi ƙwarai, ya nuna bambancin horo da rashin horo. Nan take ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba buƙatun Sajan, ya ba shi wata shida ya kawo rahoto. Sannan aka raba kayan tallafi: igiyar tsalle, irin wadda yara mata ke wasa da ita, kowa guda. Aka miƙa wa Zuhura tata tana dogare da sanda, aka ce ta yi murmushi. Atamfa kuwa sakatare ya ce ita ma tana zango na biyu. Yaya ta jujjuya tata igiyar ta ce da ni, "Shekara ashirin da biyu na yi kahin in sami ukku. Yau ga ta huɗu a wuni guda."

A waje, bayan motoci sun tafi sun bar mu da hayaƙi, Naja'atu ta cire koren hijabin ta yafa mayafinta, ta je gaban Murja ta durƙusa. Ta ce ita ba ta san abin haka yake ba, ta ɗauka taro ne irin na kullum, a yafe mata. Murja ta dube ta, idonta jajur. Ta ce, "Tashi, Manjo. Babba ba shi durƙusa ma ƙarami." Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa bango. Yaya ta kau da kai tana gyaran mayafin da ba abin da ya same shi.

Ranar Alhamis Naja'atu ta dafa shinkafa da wake ta kai gidan Yaya, mata shida daga cikin rundunar Sodangi suka biyo ta don su ba da haƙuri. Alhamis ta gaba suka zama goma sha biyar. Yanzu sun haura ashirin. Yaya na sa su miƙe gaɓoɓi a tsakar gida, tana yi musu tsawa suna ƙyalƙyala dariya. Zuhura, duk makon da hanya ta yi kyau, tana zuwa da abin awon jininta ta duba su ɗaya bayan ɗaya, har ta gano biyu da jininsu ya hau ta kora su asibiti. Murja ba ta koma Gurbin Bore ba tukuna. Tana zama kusa da ƙofa, wata rana ta yi hira, wata rana ta yi shiru, ba mai matsa mata. Shekaranjiya ita da kanta ta fita sayen gishiri. Ban ce ta warke ba, likitan da take buƙata har yau ba ta gan shi ba, ƙugun Zuhura ma yana nan yadda yake. Igiyoyin tsalle dai an ɗaura su an yi shanya, kuma gaskiya suna da ƙwari.

Makon jiya sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Yaya. Mutum huɗu suka sauko da wani allo na katako mai kauri, suka kafa shi a jikin bango, suka tsaya a gabansa aka ɗauke su hoto, suka koma mota ba tare da sun yi sallama ba. Na matsa na karanta: Cibiyar Walwalar Tsofaffin Sojoji Mata, Aikin Kwamiti, An Kammala. Na ce yau Yaya za ta ƙone gari. Ta fito, ta ƙwanƙwasa allon da yatsa, ta ce, "Katakon na da kyau. Kurtu, ɗauko guduma." Muka ɓamɓare shi, muka kifa shi a kan bulo huɗu a inuwar darbejiya. A kansa Zuhura ke aza abin awon jini yanzu.

Don haka ina miƙa godiya ga kwamiti a madadin iyalanmu, wannan ne tallafi na farko da ya iso hannun masu shi. Roƙona kawai, in za a sake kammala wani aikin a gidanmu, a taimaka a haɗo allon da ƙafafu.